Riga Ɗaya

Gara ta ci gefen littafin, ta bar mini tsakiya.
A ƙasa na same shi, bakin Kasuwar Dole,
tsakanin tsohuwar fitila da batirin rediyo.
Dala arba'in. Mai shi ko ciniki bai yi ba.

Wani basaraken Turai ne, ya fi ƙarni biyu a kushewa.
An sare kan sarki, an raba gonakin manya,
ya tsere da akwatin takardu da ƙuna a ƙirji,
ya zauna a ƙasar wasu yana feƙe alƙalami.
Ya ce duniya ta kamu da cuta
tun ranar da talaka ya koyi cewa don me.
Ya ce hankali bawa ne da ya tsinke mari.
Ya ce ƙasa na jin ƙishirwa, kuma ba ta ruwa ba.
Ya ce hauni shi ne ginshiƙin gari,
a zare shi, soro ya rufto.

Daren Talata, wuta ta ɗauke a Birni,
saƙo ya faɗo salulata, minti goma sha ɗaya.
Kafin a gama sallama na gane muryar:
Mutari, benci na uku, gefen taga,
mai tauna murfin biro in lissafi ya cije.
Shekara huɗu ba a ga ƙeyarsa ba.
Iskar wani daji na kaɗawa a bayansa,
yana cewa zamani ya ruɓe,
tambaya ƙofar halaka ce,
kuri'a gunki ce,
jini ne kaɗai sabulun da zai fid da wannan dauɗa.

Na kunna tocila, na koma shafi na saba'in.
Gashin jikina ya tashi.

Da safe na kwafe su da Hausa, takarda biyu, babu suna,
na kai wa Ilu tela a Zango.
Ya tsai da keke, ya zare allura daga baki,
ya karanta wannan, ya karanta waccan, ya sake.
Ya ce: Mushe, ai riga ɗaya ce,
aljihu kawai aka sauya wa gefe.

Kowanensu na makokin wata jiya
da ba wanda ya taɓa kwana a cikinta.
Kowane ya ɗaga yatsa sama
idonsa na kan wuyan maƙwabci.
Mutari ya rantse duk abin da ya ƙetaro teku najasa ne,
bai san bakin wa ya ara ba.
Da za su haɗu a mararraba
sai ɗaya ya binne ɗaya
kafin su gane sun haddace darasi guda.

Liman Ɗan Baturiya na masallacinmu,
Alƙur'anin nan dai yake buɗewa,
amma in yaro ya ce don me,
sai ya gyara zama, ya ce madalla, matso.

Ranar Alhamis famfo ya yi tari, layin jarka ya kai gindin dutse.
Tsahara na can, ta biyar daga ƙarshe, gammo a hannu.
An gaya mata ɗanta ya yi magana.
Ta ce: ya ambace ni?

Minti goma sha ɗaya.
Ya ambaci dauloli, ya ambaci ƙarnuka, ya ambaci wuta.
Shi ma tsohon na bi shi shafi ɗari uku,
ban ga inda wata uwa ta tsaya a layin ruwa ba,
sai dai ko a gefen da gara ta ci.

Na ce mata muryarsa da ƙarfi.
Ta gyaɗa kai.
Ta tura jarkarta gaba da ƙafa.